Jere a Ƙuryar Ɗaki: Zanen da Amurka ke Ratayewa a Bayan Katanga

A gidan Bahaushe na gargajiya ado iri biyu ne. Akwai na ƙofar gida, wanda magina ke yi a fuskar zaure, kamar yadda har yau ake gani a tsofaffin unguwannin Zariya da Kano: nan dagi, can takobi, wani gidan har keke ko agogo. Wannan ado na kowa ne. Mai tallar kunu za ta gani, almajiri zai gani, baƙon da ya yi ɓatan kai ma zai gani. Sannan akwai jere, wanda ake yi wa amarya a ƙuryar ɗaki, kwalla a kan kwalla, tasa a kan tasa, har su kusa taɓa rufi. Shi jere ba ya leƙa titi. Sai wanda aka yi wa iso ne zai gan shi, kuma aikinsa shi ne ya sanar da mai shigowa irin gidan da yarinya ta fito. Duka biyun babu mai laifi a cikinsu. Laifi yana zuwa ne ranar da mai jere ya fito dandali yana shelar cewa ya ƙawata gari.

Da wannan muke tuhumar wata gidauniya ta Amurka mai suna Foundation for Art and Preservation in Embassies, wadda aka fi sani da FAPE. Tun 1986 take tara zane-zane da sassaƙe-sassaƙe na manyan masu fasahar Amurka, tana miƙa su kyauta ga gwamnati don a kafa su dindindin a ofisoshin jakadanci da gidajen jakadu, tana kuma taimakawa wajen gyara tsofaffin gine-ginen da kayan cikinsu. Tana alfahari da cewa ayyukanta sun isa ƙasashe fiye da 140. Ita da masu yabonta suna kiran wannan aiki diflomasiyyar al'adu, wai hanya ce ta fahimtar juna tsakanin Amurkawa da sauran al'ummomi. Mu kuwa, da muke cikin waɗannan sauran al'ummomin, muna cewa jere ne. Kyakkyawan jere, mai tsada, wanda ake gogewa ana kula da shi, amma dai jere. Tarihin gidauniyar da kansa shi ne shaidarmu.

Mata huɗu da gidajen jakadu

Mata huɗu ne suka kafa ta: Leonore Annenberg da Wendy Luers da Carol Price da Lee Kimche McGrath. Uku na farko matan jakadu ne. Mijin Leonore, Walter Annenberg, hamshaƙin mai jaridu ne da mujallu, wanda Shugaba Nixon ya tura Landan ya yi jakada daga 1969 zuwa 1974. Da suka isa suka tarar da gidan jakadan, Winfield House, ya tsufa, sai suka kashe kusan dala miliyan ɗaya daga aljihunsu suka gyara shi. Gidan da ma wata magajiyar dukiya ce, Barbara Hutton, ta gina shi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bar wa gwamnatin Amurka a kan dala ɗaya tak, kuma a tsakiyar Landan in ban da na Fadar Buckingham babu lambun gida da ya kai nasa girma. Mijin Carol Price shi ma a wannan gida ya zauna yana jakada a zamanin Reagan. Mijin Wendy Luers kuwa ya yi jakada a Prague, a katafaren gidan da wani attajirin banki, Otto Petschek, ya gina kafin yaƙi.

Daga nan tunanin ya fito, kuma tunani ne na uwar gida mai kunyar baƙi: kujerun sun koɗe, labulen ya tsufa, bangon ya yi fayau, ga sarakuna da ministoci suna zuwa cin abinci, gwamnati kuma ba ta ware isasshen kuɗin gyara ba. A farkon lamari ma kalmar farko a sunan ƙungiyar tana nufin aminai ne, daga baya aka mayar da ita gidauniya. Shekarunta na farko hankalinta ya fi karkata ga gyaran irin waɗannan tsofaffin gidaje da kayan cikinsu. A 1989 mai zane Frank Stella ya ba da wani aikinsa da aka buga da yawa don ya wadaci ofisoshin jakadanci, daga nan aka samu al'adar manyan masu zane su riƙa ba da irin wannan gudummawa, ciki har da Roy Lichtenstein da Jasper Johns da Robert Rauschenberg da Ellsworth Kelly. Daga baya aka shiga ba da aikin manyan sassaƙe-sassaƙe da zanen bango da ake ƙera su musamman don sabon gini.

Babu abin kunya a wannan asali. Amma a riƙe shi, domin shi ne ke bayyana komai. Damuwar da ta haifi gidauniyar ita ce yadda gidan jakada zai yi kyau a idon baƙon jakada. Mutumin da ke wucewa ta bakin titi bai shigo lissafin ba tun ranar farko.

Me ya sa sai ta hannun masu kuɗi?

Mai karatu zai iya tambaya: ƙasa mai arzikin Amurka ce za ta rasa kuɗin sayen zane har sai matan jakadu sun yi mata karo-karo? Amsar tana cikin wani abin kunya da ya faru shekara 40 kafin a kafa FAPE.

A 1946 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta sayi zane 79 na masu fasahar zamani a kan kimanin dala 49,000, ta raba su gida biyu, wasu aka nufi Turai da su, wasu yankin Caribbean, don a nuna wa duniya cewa Amurka ba ƙera motoci da bindigogi kaɗai ta iya ba. A Prague jama'a sun yi tururuwa suna kallo. A gida kuwa sai jaridu da 'yan majalisa suka yi ca, suna cewa an kwashi kuɗin haraji an sayi shirme, kuma wasu daga cikin masu zanen suna da ra'ayin kwaminisanci. Shugaba Truman da kansa ya yi wa zanen Yasuo Kuniyoshi na wata 'yar wasa mai ƙiba ba'a, kuma da ya tashi neman kalmar da zai nuna raini da ita, sai ya ɗauko wani sunan wulaƙanci da Turawa ke kiran wata al'ummar kudancin Afirka da shi. A 1947 aka dawo da kayan gida. A 1948 aka yi gwanjonsu a matsayin rarar kayan yaƙi, aka tashi da dala 5,544.

Darasin da jami'an Washington suka ɗauka shi ne: in ana son a yi amfani da fasaha a ƙetare, to kada kuɗin ya bi ta gaban majalisa. Sai aka koma bi ta hannun attajirai da gidajen adana zane. Gidan zanen zamani na New York, MoMA, ya buɗe sashen ƙasashen waje a 1952 da kuɗin iyalan Rockefeller, shi ne kuma ya fara aika aron zane zuwa gidajen jakadu. A 1963 Shugaba Kennedy ya mayar da abin shirin gwamnati mai suna Art in Embassies, ya naɗa Nancy Kefauver ta shugabance shi. Wannan shiri yana nan har yau, kuma ya fi dogara ga aro. FAPE ta zo ne ta cike gurbin abin da zai zauna dindindin.

A wancan zamani na Yaƙin Cacar Baki akwai kuma hanyar da ta fi wannan duhu. Hukumar leƙen asiri ta CIA ta riƙa zuba kuɗi a ɓoye cikin wata ƙungiyar marubuta da masana da aka kafa a Berlin a 1950, Congress for Cultural Freedom, kuɗin kuma ya gangaro har Afirka: ya taɓa kulob ɗin Mbari na Ibadan, da mujallar Black Orpheus, da mujallar Transition ta Kampala, da taron marubutan Afirka na Makerere a 1962. Asiri bai tonu ba sai a 1966 da 1967, marubuta da yawa kuma a lokacin ne suka san wanda ke biyan kuɗin tawadar. Ba muna cewa FAPE tana da hannu a irin wannan ba. Sunayen masu ba ta kuɗi a fili suke. Abin da muke cewa shi ne ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya san wannan tarihi yana da haƙƙin ya tsaya ya duba duk lokacin da aka ce masa ga kyautar al'ada daga babbar ƙasa, babu komai a bayanta sai zumunci.

Shekarar da aka ɗaga katanga

Duk da manufar da ke bayansa, tallar al'adun da Amurka ta yi a wancan zamani tana da wani abu guda: tana fitowa fili. Mai busa ƙaho Louis Armstrong da aka turo Afirka a 1960 a gaban dubban talakawa ya yi wasa, ya zo Najeriya, ya gana da Sardauna a Kaduna. Ɗakunan karatun da hukumar yaɗa labaran Amurka ta buɗe a birane da yawa, ɗalibi yana shiga da silifas ɗinsa ya zauna ya karanta. Kai, Armstrong ma a 1957 ya fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati saboda yadda ake hana yara baƙar fata shiga makaranta a Little Rock. Wato jakadan al'adar ma yana iya juyowa ya faɗa wa wanda ya aiko shi gaskiya.

Sai zamani ya juya. A watan Afrilun 1983 aka tayar da bam a ofishin jakadancin Amurka da ke Beirut, mutum 63 suka mutu. Kwamitin da Admiral Bobby Inman ya jagoranta ya ba da rahoto a 1985 cewa a janye gine-gine daga bakin titi, a ɗaga katanga, a rage tagogi. Dokar tsaron ofisoshin jakadanci da ta biyo bayan rahoton an sa mata hannu a 1986. A duba shekarar da kyau. Ita ce shekarar da aka kafa FAPE. A daidai lokacin da ake shirin cika ɗakunan da zane, a lokacin ake shirin toshe hanyar shiga ɗakunan.

Ranar 7 ga Agustan 1998 aka kai hari Nairobi da Darussalam a lokaci guda, mutum 224 suka rasu, 12 daga cikinsu Amurkawa, sauran kusan duk 'yan Afirka ne, masu wucewa da ma'aikata da ɗaliban da ke ginin maƙwabta. A 1999 aka yi dokar da ta wajabta tazarar ƙafa 100 tsakanin sabon ofishi da katangarsa. A wannan shekarar kuma aka rushe hukumar yaɗa labaran da ke riƙe da waɗancan ɗakunan karatu, aka cusa ayyukanta cikin Ma'aikatar Harkokin Waje. Tun daga nan sababbin ofisoshin suka koma kamar barikin soja a gefen gari. Ko a Landan, ofishin ya tashi daga dandalin Grosvenor a 2018 ya koma tsallaken kogi, cikin ginin da ya ci kusan dala biliyan ɗaya, da tafki a gefensa mai aikin ganuwa.

Ba mu ce katangar ba ta da dalili ba. Jinin da aka zubar a Nairobi jinin 'yan uwanmu ne, kuma mai gadin da ke tsaye a ƙofar irin wannan gini a Abuja ko Yamai ɗanmu ne, muna so ya koma gida lafiya. Amma mutum ba zai kulle ƙofa da kwaɗo bakwai ba, sannan ya ce hirar da yake yi a ciki da mutanen unguwa yake yi.

Wa ke gani?

A ɗauki manyan ayyukan da gidauniyar ke tinƙaho da su. A Berlin, Ellsworth Kelly ya kafa wani dogon ƙarfe mai tsawon ƙafa 40 a ofishin da aka buɗe a 2008 kusa da Ƙofar Brandenburg. A tsakar gidan ofishin yake, gini ya kewaye shi. A Beijing akwai allunansa masu launi a jikin sabon ofishin. A Darussalam, a harabar ofishin da aka gina bayan harin, Elyn Zimmerman ta jera manyan duwatsu a gefen ruwa, aka ba aikin suna da Swahili mai ma'anar taron aminai. Suna mai daɗi. Amma aminan da za su taru a wurin sai sun fara wuce shinge, sun nuna takardar gayyata, an caje su.

Su waye ke wuce wannan shinge? Ministoci, da manyan hafsoshi, da shugabannin kamfanoni, da sauran jakadu, da 'yan jaridar da aka zaɓa, da shugabannin ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi. Wato mutanen da da ma suna da biza a fasfo ɗinsu, waɗanda in sun so ganin aikin Jasper Johns jirgi za su hau su je New York. An kai ruwa kogi ke nan.

Talakan da ke shiga ofishin jakadanci kuwa ta wata ƙofar yake bi, ƙofar neman biza. Yana biyan dala 185 na neman bizar ziyara, kuɗin da ba a mayarwa ko an ba shi ko an hana. Yana yin sammako ya shiga layi. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ba za a bar shi ya shiga da irinta ba, ballantana ya ɗauki hoton wani zane ya nuna wa 'ya'yansa. Zai tsaya a gaban gilashi mai kauri, a yi masa tambayoyi na 'yan mintoci, a yanke hukunci. Ko da an rataya wani abu a bangon zauren jiran, mutumin da gabansa ke faɗuwa yana maimaita amsoshin da ya haddace ba ya cikin halin kallon launi. Wannan ita ce ainihin ganawar da yawancinmu ke yi da Amurka. A watan Yunin 2025 aka hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, ciki har da Chadi da Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune. A watan Yulin shekarar aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Zanen da ke bangon bene bai motsa ba. Wane saƙo ne ya fi isa kunnen mutanen N'Djamena da Kano, na bangon ko na gilashin?

Mu masu sana'ar rubuta manhaja muna da ma'auni mai sauƙi. Ba a yaba manhaja saboda yawan ƙasashen da aka ajiye na'urorin da ke ɗauke da ita. Ana tambaya ne: mutum nawa suka buɗe ta, su waye, sun dawo? Manhajar da aka kulle da kalmar sirri, aka ba mutum ɗari, kayan cikin gida ce, ko da a ƙasa 140 aka girka ta. Lissafin da ake yi mana na yawan ƙasashe da yawan ayyuka lissafin mai ajiya ne. Lissafin masu kallo shi ne zai nuna ko an yi hira ko ba a yi ba.

Kyautar da talaka ke biya

Ana yawan nanata cewa duk wannan kyauta ce daga masu zaman kansu, ba ta taɓa aljihun gwamnati ba. Gaskiyar ba ta cika ba. FAPE tana cikin jerin ƙungiyoyin da dokar harajin Amurka ta yafe wa haraji, wanda ya ba ta gudummawa kuma yana iya cire abin da ya bayar daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai. Ma'ana, duk dalar da attajiri ya bayar, wani yanki nata kuɗi ne da da baitulmali zai shiga. Direban bas na Detroit yana cikin masu biya, sai dai ba a tambaye shi wane zane za a saya ba, ba a kuma gayyace shi liyafa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi. Tun gyaran dokar haraji na 1969, attajirin da ya sayi zane ya ba da shi kyauta yana iya samun rangwame daidai da darajar zanen a kasuwa, amma shi mai zanen da ya ba da aikin hannunsa, kuɗin fenti da ƙyalle kaɗai ake lissafa masa. Ga mai wahala, ga mai cin riba.

Sannan a tuna cewa a al'adar siyasar Amurka kusan kashi ɗaya cikin uku na kujerun jakadu ana ba da su ne ga waɗanda ba ma'aikatan diflomasiyya ba, da yawansu masu zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓe, kuma irin su Landan da Paris su suka fi faɗawa hannunsu. Masu ba gidauniyar kuɗi, da masu zama a gidajen da ake ƙawatawa, da masu tara zanen da darajarsa ke ƙaruwa in an ce yana rataye a ofishin jakadanci, sau da yawa 'yan zaure ɗaya ne. Tuwona maina.

Abin da za su ce

Masu kare gidauniyar suna da hujjoji, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba.

Za su ce ai ba fararen fata masu kuɗi kaɗai ke bango ba. Gaskiya ne. Odili Donald Odita, wanda aka haifa a Enugu a 1966, iyayensa suka tafi da shi Amurka yana jariri lokacin da Najeriya ke gab da faɗawa yaƙin basasa, shi ya yi zanen bango mai launuka masu kaifi a ofishin Amurka na Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, ta hannun FAPE. Akwai kuma ayyukan matan Gee's Bend, wani ƙauyen jikokin bayi a jihar Alabama, waɗanda suka shahara da ɗinka barguna daga tsummokaran tufafi. Muna girmama waɗannan masu fasaha, kuma sun cancanci kowane bango. Amma a san tarihin ƙauyen. Kogi ne ya kusa kewaye shi, kuma a 1962, lokacin da mutanensa suka fara tsallakawa don yin rajistar zaɓe, hukuma ta dakatar da jirgin fiton da ke kai su gari. Sai a 2006 ya dawo. Aikin matan da aka hana tsallake kogi shi ne yau ke rataye a ɗakunan da ake hana wasu tsallake shinge su gani. Wanda wannan bai dame shi ba bai fahimci bargon ba.

Za su ce fasaha tana nuna 'yancin faɗar albarkacin baki. To a gwada. A watan Fabrairun 2017, bayan dokar farko ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, gidan MoMA ya sauke wasu ayyukan Picasso da Matisse, ya rataya na masu fasaha daga ƙasashen da aka hana, ciki har da na Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda ya gina zanensa a kan rubutun allo da harafin Larabci. Wannan shi ne bango mai magana. Bangon jakada ba zai taɓa yin haka ba, domin bangon gwamnati ne, kuma ba a rataya abin da mai gida bai amince da shi ba. Ba mamaki da manyan ayyukan suka fi zama na launi da siffa zalla, dogon ƙarfe, ja da shuɗi, taurari. Suna da kyau, kuma ba za su hana kowa cin abinci ba.

Za su ce ko ba komai an adana tarihi. A nan kam mun sallama, har ma muna jinjina. Gyara abin da ya tsufa aiki ne marar armashi, ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran 'yan jarida, shi ya sa gwamnatoci da yawa, har da namu, suka fi son ƙaddamarwa a kan kulawa. Ƙungiyar da ta sa kalmar adanawa a cikin sunanta, ta kuma shafe shekaru tana biyan masu gyaran rufi da masu goge dutse, ta yi abin koyi. Da a nan ta tsaya, ta ce mu masu kula da kayan gidan gwamnatinmu ne, da babu mai ja da ita. Rigimarmu da ita a kan sunan da ta ɗora wa aikin ne.

Abin da muke nema

Hujja mafi ƙarfi a kan gidauniyar tana cikin ayyukanta. A Ottawa, a 1999, ta kafa wani dogon aikin tagulla na Joel Shapiro a gefen sabon ofishin jakadanci, kusa da matakalar da jama'a ke bi. Ɗan Kanada da ke tafiya kasuwa yana ganinsa ba tare da ya nuna wa kowa katin shaida ba. Ashe ana iyawa. Tambayar ita ce me ya sa abin da ya yiwu ga mai wucewa a Ottawa zai gagara ga mai wucewa a Abuja ko Accra ko Yawunde.

Katangar ofishin jakadanci tana da fuska biyu, kuma ta wajen ta fi tsawo, ta fi yawan masu kallo. Babu dokar tsaro da ta ce dole ta zauna fayau da waya mai ƙaya kaɗai. A ba masu zanen Amurka da na ƙasar da ake zaune a ciki su yi aiki tare a wannan fuska. A kai mafi kyawun ayyukan zauren jiran biza da rumfar da ake layi, inda mutane suka fi yawa. A riƙa fitar da abin da ke ƙuryar ana ba gidajen tarihi da jami'o'in ƙasar aro na 'yan watanni, a buɗe wa kowa. A sa hotunan a intanet da bayani cikin harsunan mutanen da ake cewa ana hira da su, Hausa da Swahili da Larabci da Amharik, yadda mai ƙaramar waya da ɗan guntun data zai iya buɗewa. Sannan kowace shekara a faɗi adadin 'yan ƙasa da suka ga ayyukan da idonsu, a ware waɗanda suka shigo da katin gayyata daga waɗanda suka shigo haka nan.

In an ce duk wannan ba zai yiwu ba saboda tsaro ko kuɗi, mun ji. Sai a sauke kalmar fahimtar juna, a kira abin da sunansa: kayan adon gidan gwamnati, don jin daɗin ma'aikata da burge manyan baƙi. Ma'aikacin da ke nesa da gida yana da haƙƙin ya ga abu mai kyau a wurin aikinsa, ba mu yi masa baƙin ciki ba.

Namu kuma, mu masu karatu, shi ne mu daina karɓar suna a madadin abu. Duk ranar da aka ce mana wata ƙasa tana zance da mu ta hanyar al'ada, ko Amurka ce, ko Faransa, ko Sin, mu yi tambaya uku: wa ya biya, wa ya zaɓa, wa aka bari ya shiga? Mu yi wa namu manyan ma wannan tambaya duk ranar da suka tashi kwaikwayon abin da suka gani a liyafar jakada. Zance ana yinsa ne da wanda aka ba wurin zama, aka kuma bar shi ya mayar da magana. Wanda aka tsayar a rana a bakin ƙofa, aka karɓi kuɗinsa, aka ce ya bar wayarsa a waje, ba a yi zance da shi ba tukuna.